Darasi: Ladi Kwali, Maginiyar da ke kan Naira 20

Da yawa daga cikinmu mun iso Touboro ba mu ɗauko komai ba sai abin da ke cikin kawunanmu da hannuwanmu. Darasinmu na yau a kan wata mata ne da wannan kaɗai ya ishe ta.

An haifi Ladi Kwali wajen shekarar 1925 a garin Kwali na ƙasar Gwari, a Najeriya. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu take murza yumɓu ta ɗora shi zobe-zobe har randa ta tashi. Kafin ta bushe, sai ta zana mata ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi, irin dabbobin da mu ma muka sani a tatsuniyoyin kakanninmu.

Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa. A can wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi sababbin dabaru, amma ba ta yar da zanen gidansu ba. An baje kolin aikinta a Landan, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Me za mu ɗauka? Yaran da aka haifa a nan ba su san garuruwanmu ba. In muka yi shiru, labaran gida da sana'ar iyaye za su tafi tare da tsofaffinmu. Da kan gari akan ci gari, kuma mu ne 'yan garin da suka rage musu.

Aikin wannan mako: da dare mu yi wa yara tatsuniya ɗaya. Da safe mu ba su yumɓu su gina ƙaramin kasko, su zana dabbar labarin a jikinsa. Babba ne zai ɗebo yumɓun, kada a aiki yaro bakin kogi shi kaɗai.