Kunnenka ya saba, amma bai tsira ba

Na daɗe ina aikin naɗar sauti a gidan rediyo, kuma na gano cewa makirufo ba ya kara. Kwanakin baya na je hira da wani dattijo a cikin birnin Kano. Na tambaye shi inda za mu zauna babu hayaniya, ya ce, "Yaro, ai zauren nan shiru ne kamar an yi ruwa an ɗauke." Da na koma ofis na saurari abin da na naɗo, sai ga janareta biyu, ga injin markaɗen maƙwabta, ga hon ɗin 'yan adaidaita sahu, ga lasifikar mai tallar magani. Muryar Baba na can ƙasa tana neman hanyar fita.

Ba ƙarya ya yi min ba. Ƙarar da ba ta yankewa, ƙwaƙwalwa kan daina kula ta.

Sauraron muhalli fanni ne da ake nazarinsa. R. Murray Schafer, masanin kiɗa ɗan Kanada, shi da abokan aikinsa na Jami'ar Simon Fraser sun bi birnin Vancouver suna naɗar sautukansa, suka fitar da aikin a 1973. Har darussa ya tsara na koya wa mutum sauraro daga farko, ya kira su wankin kunne. Mu nan da wuya ka ga wanda ya naɗi kukan kurciya ko amon tabarya a turmi, alhali a unguwanni da yawa injin ya riga ya haɗiye su.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. Ana auna ƙara da desibel. A 85, kimanin awa 8 ne iyakar abin da kunne ke ɗauka a yini, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. A 100, minti 15 ne kawai. Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne, in sun mutu ba sa dawowa. Ku tuna da yaron da ke yini a jikin injin niƙa.

Ga awo mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, wurin ya yi ƙara da yawa. Ka matsa, ko ka sa abin toshe kunne. Gobe bayan asuba, ka zauna minti 5 a ƙofar gida ka ƙirga sautukan da kake ji. Sannan a nisanta janareta daga tagar ɗakin yara.