Farashin Da Aka Ja Wa Layi

Na daɗe ina sana'ar shirya wa 'yan kasuwarmu hajarsu a kasuwannin intanet, musamman masu jakunkuna da takalman fata da ake aikawa Turai, kuma cikin dukkan mas'alolin da muke sa-in-sa a kansu babu wadda ta kai ta farashin nan da ake rubutawa a ja masa layi, sa'an nan a sa ƙarami a gefensa. Kwanan baya wani dattijo ya umurce ni in rubuta yuro 60 a kan wata jaka, in soke, in sa 45, alhali kuwa tun ranar da muka baje ta 45 ɗin ake sayar da ita. Da na nuna masa illar haka sai ya ce, "Haba Malam, ai ko a kasuwar Kurmi sai an sa suna kafin a yi ragi."

Na ce, "Hakika, Alhaji, amma a Kurmi mai saye yana gabanka, ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, kowa ya san sunan farko ƙofar ciniki ce kurum." Shi kuwa farashin da aka soke a fuskar waya shaida ce mai haja yake bayarwa cewa jiya haka aka saya, ga wanda ba shi da halin tayawa balle bincike, in kuwa ba a taɓa saye haka ba, to, ɗan'uwan najashi ne, wato tayin ƙarya don a ruɗi mai saye, wanda fukaha'unmu suka daɗe da bayyana haramcinsa.

Tarayyar Turai ta mai da hana irin wannan ruɗi doka tun 28 ga Mayu 2022: duk wanda ya yi shelar rangwame wajibi ne ya nuna farashin baya, kuma farashin baya a wurinsu shi ne mafi ƙanƙanta da ya sayar cikin kwana 30 da suka wuce, domin kada a ɗaga yau a sauke gobe a kira shi alheri. A 2024 Kotun Tarayyar ta ƙara fayyace hukuncin a shari'ar kantunan Aldi na Jamus, inda aka tallata ayaba a kan yuro 1.29 da da'awar ragin kashi 23 cikin ɗari daga 1.69, ga shi kuwa an riga an sayar da ita 1.29 cikin wannan wa'adi. Kotu ta ce daga mafi ƙanƙantan ake lissafin ragi. Zamanka a Kano ba ya fid da kai, muddin mutanensu kake yi wa talla, shi ya sa nake roƙon kowa ya riƙe littafin farashi da kwanan wata.

Jakar Alhaji tana nan a 45, ba layi. Mun yi da shi in Disamba ta kama zai sauke ta zuwa 38, ni kuma in soke 45 ɗin da hannuna.