Gurmi Da Danginsa Na Ƙasar Ailan

Duk wanda ya tashi a wajejen nan namu, daga Garki har Haɗeja, ya san gurmi, ko da a hannun marigayi Haruna Uji ne. Ƙwarya ce aka rufe da fata, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya. To, 'yan'uwana ɗalibai, wannan abin da waɗansunmu ke yi wa kallon kiɗan ƙauye yana da dangi har a Turai.

Ga yadda aka yi. A zamanin cinikin bayi an kwashi mutanen Afirka ta Yamma zuwa Amurka da tsibiran da ke kusa da ita. Ba su tafi da kome ba sai abin da ke cikin kansu. Da suka sami duma a can, sai suka ƙera abin kiɗa irin na gida, shi ne ake kira banjo. Masana sun ce ya fi kama da akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, amma in ka ajiye tsohon banjo kusa da gurmi, ba sai an gaya maka 'yan gida ɗaya ne ba.

Wani Bature ɗan Amurka, Joel Sweeney, ya koyi kaɗa shi wurin bayi, ya kuma yi wasa da shi a Ailan wajen 1844. Abin takaici, shafa baƙi yake yi a fuska, yana kwaikwayon waɗanda suka koya masa don a yi dariya. Duk da haka banjo ya zauna. Tun daga 1962, da Barney McKenna ya riƙa kaɗa shi cikin ƙungiyar Dubliners, mutanen Ailan suka mai da shi nasu.

Sai bayan an daɗe makaɗan suka haɗu ido da ido. Wani Ba'ingile, Simon Emmerson, yana aiki da Baaba Maal, mawaƙin Fulatanci na Senegal, sai ya ji wata waƙarsa ta yi kama da na Ailan. Ya gayyato Davy Spillane ya busa musu wata irin algaita mai jaka, wadda ake matsa wa iska da gwiwar hannu. Daga nan aka kafa ƙungiyar Afro Celt Sound System a 1995, ta fitar da faifanta na farko a 1996. A cikinsa ana jin waƙar gargajiya da harshen Ailan, tare da kora mai tsirkiya 21 da ɗan ƙaramin kalangun Senegal.