Darasin Wannan Wata: Yaron Da Ba Ya Iya Kame Kansa

Iyaye, kowane yaro yana ƙiriniya. Amma akwai wanda tasa ta wuce kima. Abu kaɗan sai ya fusata, ya fasa tukunya ko ya doki ƙanensa. Wani yakan ɗauki kayan mutane alhali ba ya bukatarsu. Wani kuma ba ya iya barin wasa da wuta. Yakan yi da-na-sani, gobe kuma ya sake.

Mene ne dalili? A cikin ƙwaƙwalwa, daidai goshi, akwai sashen da ke ce wa mutum "dakata". Shi ne linzamin zuciya. Ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25. A wasu yara wannan linzami yana da rauni ƙwarai. Ciwo ne, ba iskanci ba.

Duka ba ya maganinsa. Ga abin yi:

1. In ya fusata, ku janye shi gefe har ya huce.
2. In ya yi haƙuri, ku yaba masa nan take.
3. Ku ɓoye ashana da kananzir.
4. In abin ya daɗe, ku kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Barnawa ta Kaduna.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.