Wa Zai Ɗauki Nauyin Yaron Nan?

Darasin nan na dukan gida ne. In an gama tuwon dare, ka kira uwargida da yara ku zauna tare. In akwai ɗan lakwal a gidan, ka ba shi ya karanta muku, ku kuwa ku saurara.

1. Yadda yaro yakan bar lakwal

Bari mu ɗauki misali. Ga wani manomi a wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi. Babbar 'yarsa ta gama aji shida, wanda ake kira CM2, mushe kuma ya ce tana da kai. Amma babu kwaleji a ƙauyensu. Sai an kai ta gari, a nema mata mai masauki, a riƙa aika mata da hatsi. Bana kuwa damina ba ta yi kyau ba, abin da ke cikin rumbu ba zai kai su bazara ba. Ana cikin haka sai ga wani ya aiko yana neman aurenta.

Mutumin nan ba mugu ba ne, yana ƙaunar 'yarsa. Lissafi yake yi: in ta tafi gidan miji, baki ɗaya ya ragu a bakin tukunya. Da dare yana juyi a kan tabarma, barci ya ƙi zuwa.

Haka yara da yawa suke barin karatu a ƙasarmu. A lakwal ta gwamnati ba a biyan kuɗin koyarwa, amma akwai kaye da bik da allo da tufafi, kuma a watan Oktoba ake neman su, tun ba a gama girbi ba. Akwai yunwa, gama yaron da bai karya kumallo ba, ba ya jin abin da mushe ke faɗi. Akwai zazzaɓin sauro wanda yakan kwantar da yara a ƙarshen damina. Akwai aikin gida: jan ruwa daga rijiya mai zurfi, neman itace, talla da kiwo. Wani yaron ba shi da takardar haihuwa, sai lokacin jarrabawa ya zo a fara faɗi-tashi. Samari suna bin yayyensu cin rani zuwa Kano ko Legas ko Agadas. 'Yan mata kuwa aure ne ke ɗauke su. Binciken da aka yi a dukan Nijar a 2012 ya nuna cikin mata huɗu, uku an aurar da su tun ba su cika shekara 18 ba, kuma a jihar Maraɗi abin ya fi haka.

Sai mu lura, ba abu ɗaya babba yake fitar da yaro ba. Ƙananan kaya ne ake ta ɗora wa jaki har ya durƙusa.

2. Mene ne ɗaukar nauyin yaro?

Mu Hausawa mun san riƙo. Kawu ko goggo takan ɗauki ɗan ɗan'uwanta ta riƙe, ta ciyar da shi, ta yi masa sutura. Ɗaukar nauyi ya yi kama da riƙo, amma akwai bambanci babba: yaron yana nan a gidan ubansa, a hannun uwarsa. Wani mutum ne a wata ƙasa yake ba da kuɗi kaɗan kowane wata ta hannun ƙungiya, da sunan yaro ɗaya. Akan aika masa da hoton yaron da labarin karatunsa, su kuma riƙa rubuta wa juna wasiƙa.

Yaƙi ne ya haifi wannan aiki. A 1937, lokacin yaƙin basasa a ƙasar Sifen, wani ɗan jarida Bature mai suna John Langdon-Davies da abokinsa suka soma nema wa yaran da yaƙi ya raba da gida masu ɗaukar nauyi. Daga nan ƙungiyar Plan ta fito. A lokacin yaƙin Koriya kuma, masu wa'azi biyu daga Amurka suka ga marayu suna kwana a titi cikin sanyi. Everett Swanson ya soma aikin da ya zama Compassion a 1952. Bob Pierce, wanda ya kafa World Vision a 1950, ƙungiyarsa ta soma ɗaukar nauyin marayun Koriya a 1953.

Daga baya aikin ya iso ƙasarmu. World Vision ta shigo Nijar a shekarun 1990, ta yi aiki a ƙauyuka da dama na jihar Maraɗi. Plan ta soma a 1998 a yammacin ƙasa. Save the Children ta zo a 2005, shekarar da fari da fara suka jawo yunwa, ta yi jinyar yara masu tamowa a wajen Tasawa.

Kada mu zaci masu ɗaukar nauyin nan attajirai ne. Da yawansu ma'aikata ne, da malaman makaranta, da tsofaffi masu cin fansho. Wata gwauruwa takan rage cefanenta domin yaron da ba ta taɓa gani ba.

3. Ina kuɗin suke tafiya?

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, har ya zama abin faɗa. Uba yakan ce, "An ɗauki hoton ɗana, ina kuɗina?"

Hanya iri biyu ce. Waɗansu ƙungiyoyi, kamar Compassion, suna aiki ta hannun ikkilisiyar gari, suna biya wa yaron kansa kayan karatu da magani da abinci. Waɗansu kuma, kamar World Vision da Plan, sukan tara kuɗin masu ɗaukar nauyi wuri ɗaya, su yi wa dukan ƙauyen aiki. Wannan ta biyu ita ce aka fi sani a ƙasarmu. Ba a miƙa wa uba jika ko dala a hannu. Amma ka duba yadda kayan jakin nan suke raguwa ɗaya bayan ɗaya.

In an haƙa famfo kusa da gari, yarinya ta gama ɗiban ruwa da wuri ta shiga aji a kan lokaci. In an gina aji na siminti a maimakon rumfar kara, yara su zauna lafiya. Mun tuna da baƙin cikin watan Nuwamba na 2021, sa'ad da wuta ta kama azuzuwan kara a cikin birnin Maraɗi, yara fiye da ashirin suka rasu. In an gina makewayi dabam domin 'yan mata, wadda ta soma girma ba za ta ji kunyar zuwa ba. In an raba kaye da littattafai, uba ba zai sayar da hatsinsa da araha a kaka ba. In an taimaki uwa da akuya ko jari, ta sami abin sayen sabulu da takalmi ba tare da ta ɗora wa yarinya talla ba. Akwai kuma ma'aikaci ko ɗan sa-kai wanda yakan zagayo ya duba yaron. In ya ga kwana da kwanaki ba ya aji, sai ya zo ƙofar gida ya tambayi dalili.

Ka gani, yaro ɗaya aka ɗauki hotonsa, amma ɗan maƙwabci ma ya sha ruwan famfon, ko Kirista ne ko Musulmi.

4. Ko yana da amfani da gaske?

Waɗansu masana a Amurka, Bruce Wydick da abokan aikinsa biyu, sun so su san amsar wannan tambaya. Suka bi sawun mutane fiye da 10,000 a ƙasashe shida: Bolibiya, Gwatamala, Indiya, Kenya, Filifin da Yuganda. Suka gwada waɗanda Compassion ta ɗauki nauyinsu tun suna yara da 'yan'uwansu da tsararrakinsu waɗanda ba a ɗauka ba. A 2013 suka fitar da sakamako. Waɗanda aka ɗauki nauyinsu sun daɗe a makaranta fiye da sauran da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma sun fi gama sakandare da samun aikin albashi.

Masanan suka lura da wani abu kuma. Bayan kuɗi, akwai sa zuciya. Yaron da aka ce masa, "Kai ma za ka iya zama likita ko mushe," yakan soma ganin kansa dabam. Wannan kuwa ba sai da kuɗin waje ake ba da shi ba. Uba da uwa suna da shi a bakinsu.

5. Abin da ɗaukar nauyi ba zai yi maka ba

Hausawa sun ce, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mai ɗaukar nauyi yana can nesa. Ba shi zai ta da yaron da asuba ba. Ba shi zai hana a kai shi gona ranar karatu ba. Ba shi zai amsa wa mai neman aure ba. Allah bai ba shi yaron ba, kai ya ba.

Taimakon kuma yana da iyaka. Ƙungiya takan yi shekara goma ko goma sha biyar a wuri, sa'an nan ta tashi. Wani lokaci kuɗi su yanke tun kafin haka. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙauyen da ya zauna yana jira, ranar da motar ta daina zuwa, famfo zai lalace ba mai gyara.

Ga waɗansu gargaɗi, ku riƙe su:

Kada ku yi ƙarya wajen rubuta yaro. Kada a rage masa shekaru, kada a ce maraya ne alhali ubansa yana da rai. Mai bi ba ya cin abinci da ƙarya.

Kada ku mai da wasiƙa takardar roƙo. Ku bar yaron ya faɗi abin da ya koya, ya yi godiya.

Kada ku yi kishi in an rubuta ɗan wani ba a rubuta naku ba. In kuwa naku aka rubuta, kada ku fifita shi a kan 'yan'uwansa.

Ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi kafin ta rubuta yaro. Wanda ya zo yana neman kuɗin rajista, ku kai maganarsa wurin maigari da shugaban lakwal. Kada kuma ku bar kowa ya tafi da yaro shi kaɗai, ko da ya ce daga ƙungiya yake.

6. Mu ma masu ɗaukar nauyi ne

Wataƙila ka ce, "Ai ba ƙungiyar da ta taɓa zuwa ƙauyenmu." To, sai mu naɗe hannu? Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 11, daga aya 27 zuwa 30. A zamanin Sarki Kalaudiyas an yi babbar yunwa. Masu bi na Antakiya suka tara gudunmawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Ku karanta kuma Korantiyawa ta biyu sura 8, inda Bulus ya yaba wa ikkilisiyoyin Makidoniya. Matalauta ne ƙwarai, duk da haka su ne suka roƙa a bar su su ba da taimako.

A jiharmu ma an nuna haka. A 1991 matan karkara a jihar Maraɗi, tare da ƙungiyar CARE, suka soma asusun da ake kira Mata Masu Dubara. Kowace mace tana zuba ɗan abin da ta samu kowane mako, su ba juna rance. Dabarar nan da ta tashi daga ƙasarmu ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na duniya. Ashe talaka ma yana da abin bayarwa.

Me ikkilisiyar ƙauye za ta iya yi? A lokacin baikon kaka, a ware dami kaɗan domin yaran da suka tafi kwaleji. Zumuntar mata ta sayi jar akuya ɗaya, 'ya'yanta su zama na kaye da bik. Iyalin Kirista da ke zaune a cikin Tasawa ko Mayahi su buɗe ƙofa su sauki yarinya ɗaya daga ƙauye, su riƙe ta kamar tasu, kada su mai da ita baiwa. Dattawa su taimaki iyaye su karɓo wa kowane jariri takardar haihuwa a ofishin magajin gari. Wani daga cikinmu ya shiga kwamitin lakwal. Wanda ya yi karatu ya sami aiki a Maraɗi ko Yamai, ya waiwayo ya ɗauki nauyin ƙane ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu koma wurin manomin nan da ke juyi a kan tabarma. In ya san akwai gidan masu bi da zai sauki 'yarsa, akwai kuma hatsin da ikkilisiya ta ware, lissafinsa zai sake. Doka ma tana bayansa, gama a watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare 'ya mace mai karatu, domin ta ci gaba har ta kai shekara 16. Amma duk da haka, shi ne zai buɗe baki ya ce wa ɗan aike, "Ku yi haƙuri, yarinyar nan karatu take yi." Wannan maganar ba mai iya faɗa masa ita. Ɗan'uwa, in kai ne, me za ka ce?

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yara nawa ne a ikkilisiyarku suka bar lakwal bara? Me ya fitar da kowannensu?
2. Mene ne bambancin riƙo da ɗaukar nauyi?
3. Don me ba a ba uban yaro kuɗin a hannu?
4. Waɗanne abubuwa ne iyaye kaɗai za su iya yi wa yaro?
5. Wane yaro ɗaya ne za ku iya haɗa hannu ku taimaka kafin Oktoba mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu amana. Mun gode domin mutanen nesa waɗanda suke tunawa da su. Ka gafarta mana inda muka yi sakaci. Ka ba mu damina mai albarka, da zuciya mai gaskiya, da hannu mai bayarwa. Ka kiyaye yaranmu a hanyar lakwal da gidajen da suka sauka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.