Nazari: Ko Garabasar Kamfanonin Caca Ta Cancanci Lokacin Mai Lissafi?

Daga watan Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ake haƙar citta a kudancin Jihar Kaduna, kuɗi kan shiga hannun manoma da dillalai tun daga ƙauyen Nok da kasuwar Kwoi a Ƙaramar Hukumar Jaba har zuwa Kachia da Kafanchan. Wannan kuɗi ne jarin noman baɗi, kuma cutar da ta halaka gonakin citta a yankin a shekarar 2023 ta nuna yadda jari kan salwanta cikin damina guda. A daidai wannan lokaci ne tallace-tallacen kamfanonin caca ke riskar jama'a ta wayar hannu, suna alkawarin garabasa ga duk wanda ya zuba kuɗi. Akwai masu ganin cewa gwani, wanda ya iya lissafi, zai iya tsinke wannan garabasa ya fita ba tare da an ci shi ba. Wannan nazari ya ɗora maganar a kan ma'aunin da ɗan kasuwa ya saba da shi, wato jari da riba da lokaci.

Darasi na farko: kason mai gida

Kowace caca an gina ta ne a kan wani kaso da mai gidan ke ɗauka daga duk kuɗin da aka aza. Faifan nan mai juyawa da ake kira rulet, irin na Turai, yana da gurbi 37, daga sifiri zuwa 36. Idan mutum ya aza Naira 100 a kowane gurbi, ya kashe Naira 3,700. Gurbi ɗaya ne zai ci, kuma abin da za a mayar masa duka-duka Naira 3,600 ne. Naira 100 da ta ɓace ita ce ribar gida, wato kashi 2.7 cikin ɗari. Faifan Amurka mai gurbi 38 kuwa yana cin kashi 5.3 cikin ɗari.

Haka abin yake a cacar ƙwallo. Idan sakamako biyu ne kacal kuma ƙarfinsu ɗaya, adalci shi ne a ninka wa wanda ya ci kuɗinsa sau 2. Kamfanin da ya ba da 1.90 ya karɓi Naira 1,000 daga kowane ɓangare, ya tara 2,000, ya biya 1,900. Kashi 5 cikin ɗari ya zama nasa, ko wace ƙungiya ce ta yi nasara.

Darasi na biyu: sharaɗin juyi

Ba a ba da garabasa a hannu. Galibi sharaɗinta shi ne sai an yi caca da ita sau kaza kafin a bari a cire ko kwabo. A ɗauki misalin garabasar Naira 10,000 wadda aka ce sai an juya ta sau 30. Ke nan sai an aza jimlar Naira 300,000. Kashi 2.7 cikin ɗari na wannan jimla ya kama Naira 8,100, wanda shi ne abin da lissafi ya nuna gida zai ci. Abin da ya rage na garabasar Naira 1,900 ne.

Idan juyin ya zama sau 40, jimlar ta kai Naira 400,000, kason gida ya zama 10,800, mai caca ya shiga hasarar Naira 800. Idan kuma sharaɗin ya haɗa har da Naira 10,000 da mutum ya zuba daga aljihunsa, to juyi 30 na nufin aza Naira 600,000, kason gida 16,200, hasara 6,200.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ninka yawan juyi da kason gida. Da zarar sakamakon ya kai 100, garabasar ta ƙare tun kafin a fara. A kan faifan Turai, juyi 37 ne ke cinye ta ƙurmus.

A cacar ƙwallo sau da yawa akan gindaya cewa sai an haɗa wasanni da dama a tikiti guda. A nan kason gida hauhawa yake yi. Wasanni biyar masu kashi 5 kowanne, idan aka haɗa su, kason ya doshi kashi 23 cikin ɗari. Juyi biyar kacal a kan irin wannan tikiti ya wuce 100.

Darasi na uku: kuɗin lokaci

A koma ga misali mafi daɗi, mai ragowar Naira 1,900. Mai aza Naira 500 a kowane zagaye sai ya yi zagaye 600 kafin ya cika Naira 300,000. Idan kowane zagaye ya ci minti ɗaya, awa 10 ke nan, wato Naira 190 a kowace awa, ban da kuɗin data da cajin waya. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata. Idan aka raba shi a kan kwana 22 na aikin awa takwas, ya kama kusan Naira 400 a awa. Gwanin da ya bi kowace ƙa'ida bai kai rabin ladan ƙaramin ma'aikaci ba.

Sa'an nan wannan Naira 1,900 matsakaicin lissafi ce, ba tabbas ba. Wani zai tashi da fiye da haka, wani kuma kuɗinsa zai ƙare tun bai kai rabin juyin ba. Mai ƙaramin jari ya fi kusa da na biyun, domin ba shi da abin jure faɗuwa a jere.

Darasi na huɗu: makomar gwani

Tarihi ya san gwanaye na haƙiƙa. Edward Thorp, malamin lissafi a Amurka, ya wallafa littafi a 1962 inda ya nuna yadda ƙirga katunan da suka fita zai iya ba mai wasa ɗan rinjaye a wasan karta na 21. Gidajen caca suka mayar da martani ta hanyar ƙara yawan katunan, da yawaita cakuɗa su, da korar duk wanda aka gane yana ƙirga. Shi kansa Thorp ya koma kasuwar hannun jari, ya kafa asusun zuba jari a 1969. Kamfanonin wannan zamani sun fi gidajen wancan lokaci ido, domin kwamfuta na riƙe da tarihin kowane asusu, kuma sharuɗɗansu kan ba su ikon rage wa mutum abin da zai iya azawa, ko soke garabasarsa. Kamfani na ɗaukar garabasa a matsayin kuɗin talla, yana sa ran mayar da ita daga waɗanda za su zarce da caca bayan ta ƙare.

Matsayin doka

A 1977 gwamnatin soja ta haramta injinan caca da aka fi sani da kalokalo. A 2005 aka kafa dokar tambola ta ƙasa tare da hukumar da ke kula da ita, amma a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa sa ido a kan tambola da caca hurumin jihohi ne. Saboda haka matsayin kamfani na iya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kano, Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Ga Musulmi, haramcin caca bayyane yake a Suratul Ma'ida, majami'u da dama kuma suna hana mabiyansu.

Abin lura ga masu shaguna da dillalai

Haɗarin bai tsaya ga mai wayar kaɗai ba. Sharaɗin juyi na buƙatar kuɗi masu yawa su riƙa zagayawa, kuma yaron shago ko wakilin da aka aika ƙauye sayen citta yana iya ganin kuɗin maigida a matsayin aron awa biyu. Maganin wannan shi ne rufe lissafin ciniki kowace yamma, da raba asusun kasuwanci da na kashewa, da biyan manomi kai tsaye ta banki idan da hali.

Ma'aunin nan na aiki a kan kowace irin garabasa, ta banki ce, ko ta kamfanin waya, ko ta dilan kaya. Ɗan kasuwa ya nemi amsar tambayoyi uku kafin ya miƙa hannu: nawa zai kashe kafin a ba shi, awa nawa abin zai ci masa, kuma wane ne ke da ikon sauya sharaɗi bayan kuɗi sun shiga.