Abin Da Ke Hana Sabar Karɓar Baƙi Ran Cinkoso

Duk ɗalibin da ya taɓa neman sakamakon jarrabawarsa a intanet ranar da aka sake shi ya san wannan abu. Ka danna, shafi ya yi ta juyawa, can sai ya ce ya kāsa. Alhali kuwa daren jiya shafin nan yana buɗewa kafin ƙiftawar ido. Yawancinmu mukan ce babu netwok, mu ɗora wa kamfanin waya laifi. Sau da yawa kamfanin waya bai yi kome ba. Saƙonka ya isa inda ka aike shi lafiya, sai dai kwamfutar da ke can ƙarshen hanya ta daina karɓar baƙi. Wannan kwamfuta ita ake kira sabar, waɗansu kuma su ce uwar garke. A wannan darasi za mu duba abin da ke sa ta tsaya sa'ad da jama'a suka yi yawa, da kuma yadda mai kula da ita yake bin sawun matsalar har ya kama ta.

Kafin mu shiga, sai mu san yadda baƙo yake shiga wurin sabar. Ku ɗauki misalin ɗakin shan magani na ƙauye. Akwai mai gadi a bakin ƙofa, akwai benci inda ake zaman jira, akwai kati da ake buɗe wa kowane majiyyaci, sa'an nan akwai ma'aikatan jinya a ciki. Mai gadin shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kamar Linux. Ma'aikatan jinya su ne manhajar sabar kanta, kamar Apache. Ƙa'idar da baƙo da mai gadi suke bi su gaisa ana kiranta TCP, wadda Vinton Cerf da Robert Kahn suka bayyana tushenta a 1974. Gaisuwar taki uku ce. Baƙo ya yi sallama, mai gadi ya amsa, baƙo ya nuna ya ji amsar. Da an gama wannan sai mai gadi ya zaunar da shi a benci, ya jira ma'aikaci ya zo ya kira shi.

Abin lura a nan shi ne, mai gadi yana aikinsa ne ba tare da sanin halin da ake ciki a ɗaka ba. Ko da ma'aikatan duka sun maƙale, shi zai ci gaba da amsa sallama yana cika benci. Don haka ne mai gyara zai iya aika wa sabar ɗan gwajin nan da ake kira ping, ta amsa masa nan take, ya ce ai lafiyarta ƙalau, alhali ba wanda ake yi wa aiki a ciki. Mai gadi ne ya amsa.

Bencin kuwa yana da iyaka. Shekaru da yawa iyakar da Linux take zuwa da ita mutum 128 ne, ƙarƙashin wani ma'auni mai suna somaxconn. Sai a 2019, da fitowar Linux 5.4, aka ɗaga ta zuwa 4096. Apache takan nemi benci mai wurin mutum 511, amma a tsohuwar Linux mai gadi yakan rage shi zuwa 128 shiru, ba ya faɗa wa kowa. Idan benci ya cika, Linux ba ta korar sabon baƙo, kunnen uwar shegu kawai take yi da sallamarsa. Shi kuma ya sake sallama bayan daƙiƙa 1, ya sake bayan 2, bayan 4, haka haka har ya gaji. Wannan shi ne juyawar nan da kuke gani a fuskar waya.

Saboda haka tambaya ta farko da mai gyara zai yi ita ce, yaya aka kāsa? In an ƙi baƙo nan da nan, yawanci ma'anarsa babu manhajar da ke sauraro a wannan ƙofa, watau ta mutu ko ba a tashe ta ba. In kuwa ya yi ta jira ne har lokaci ya ƙare, to, ko benci ya cika, ko wani abu a hanya yana zubar da saƙonni. In an gaisa da shi sa'an nan aka bar shi zaune ba amsa, yana kan benci, ma'aikata ba su zo ba. Domin a raba laifin hanya da na gida, sai mai gyara ya shiga kwamfutar kanta ya nemi shafin daga ciki, ta adireshin 127.0.0.1, wanda kowace kwamfuta take kiran kanta da shi. In daga ciki ma ya ƙi, an wanke hanya ke nan.

A nan ne mutane da yawa sukan yi abin da ban yarda da shi ba, watau su kashe sabar su kunna. Lalle takan tashi ta yi aiki, kowa ya yi murna. Amma kamar a share sawun ɓarawo ne kafin masu bin sawu su iso. Duk shaidar da za ta nuna abin da ya faru tana cikin kwamfutar ne sa'ad da take maƙale, da an kunna ta sabo kuwa ta tafi. In tilas ne a kunna domin jama'a suna jira, a ɗauki minti biyu tukuna a kwafe abin da ake gani. Umarnin ss -lnt yana nuna mutum nawa ke kan benci da kuma iyakar bencin, gefe da gefe. Umarnin netstat -s yana ƙidaya sau nawa benci ya cika ya tumbatsa. Sa'an nan a kwafe ƙarshen littafin rahoton sabar, inda take rubuta koke-kokenta da lokacinsu.

To, a ce an ga benci a cike. Mutum zai yi sauri ya ce a ƙara tsawonsa. Ƙarin benci yana da amfani in taron na ɗan lokaci ne, kamar yadda ɗalibai kan yi cincirindo a ƙofar ɗakin cin abinci da an kaɗa ƙararrawa, bayan minti biyar kuma wurin ya sarara. Amma in ma'aikata ne ba su iya aikin da sauri ba, dogon benci ba ya warkar da kowa, sai dai ya tsawaita jira. Tambayar ainihi ita ce, me ya riƙe ma'aikatan?

Ga ɗan lissafi, kuma ina roƙon 'yan aji shida su bi shi da fensir. Akwai wata ƙa'ida da John Little ya tabbatar a 1961, wadda ta ce yawan mutanen da ke cikin wuri daidai yake da yawan masu shigowa a kowace daƙiƙa sau tsawon lokacin da kowannensu yake yi a ciki. A ce baƙi 50 suke zuwa kowace daƙiƙa, kowanne kuma ana sallamarsa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Ma'aikata 10 sun isa. Apache, a tsarinta na dā mai ba kowane baƙo ma'aikacinsa, iyakarta ma'aikata 256 ne in ba a sāke ba, don haka akwai sarari mai yawa. Yanzu a ce rumbun bayanai, inda ake ɗauko makin kowane ɗalibi, ya yi nauyi har kowane baƙo yana cin daƙiƙa 6. Baƙin ba su ƙaru ba ko ɗaya, amma 50 sau 6 ya zama 300, ma'aikata kuwa 256 ne. Abin da za su iya sallama bai kai mutum 43 a daƙiƙa ba, watau wajen mutum 7 suna taruwa a benci kowace daƙiƙa. Benci mai wurin 128 zai cika kafin daƙiƙa 20. Daga nan waɗanda suka gaji da jira su fara sake dannawa, kowane mutum ɗaya ya zama kamar uku ko huɗu, abin ya ƙara cakuɗewa.

Kun ga ke nan ciwon yana rumbun bayanai, amma a ƙofa ya bayyana. In mai gyara ya ɗaga ma'aikata zuwa 1,000 ba tare da tunani ba, ya ƙara wa rumbun kaya ne. Rumbun MySQL yakan zo da iyakar haɗi 151, PostgreSQL kuma 100. Ban da haka kowane ma'aikaci yana cin nasa rabo na ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ta ƙare sai kwamfutar ta koma ajiye abubuwa a faifai, wanda ya fi ta nawa ƙwarai, ko kuwa Linux ta kashe wata manhaja domin ta sami sarari. Irin wannan ya faru a bainar jama'a a Amurka ran 1 ga Oktoba 2013, da aka buɗe shafin inshorar lafiya na gwamnati, HealthCare.gov. An tsara shi yadda sai mutum ya buɗe asusu kafin ya ga kome, sai wurin buɗe asusun ya zama ƙunƙuntar ƙofa, jama'a suka cushe a nan. Takardun da suka fito daga baya sun nuna mutum 6 kaɗai suka kammala rajista a ranar farko.

Abu na biyu da ke hana karɓar baƙi shi ne ƙarewar kati. A Linux kowane haɗi da kowane fayil da manhaja ta buɗe yana da lambarsa, kamar katin majiyyaci. Iyakar da aka saba ba manhaja guda ita ce kati 1,024, umarnin ulimit -n kuma yana nuna ta. Da sun ƙare, ma'aikaci zai zo benci ya kira mutum, ya tarar babu katin da zai buɗe masa, ya koma, ya sake zuwa, ya sake komawa. A littafin rahoto za a ga an rubuta "Too many open files" layi bayan layi, ma'ana fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. Wani lokaci kwamfutar takan yi ta aiki iyakar ƙarfinta a kan wannan kai da komowa, ba ta ƙulla kome.

Ɗaga iyakar abu ne mai sauƙi, amma a fara tambaya, ina katunan suka tafi? A nan akwai hali biyu na haɗi da sabon shiga yakan rikita. Na ɗaya shi ne CLOSE_WAIT. Ma'anarsa baƙo ya yi ban kwana ya tafi, amma manhajarmu ba ta rufe katinsa ba. Wannan ba ya gushewa da kansa, yana nan har manhajar ta rufe shi ko ta mutu. In ka ga ɗaruruwansu suna ƙaruwa ba su raguwa, kuskure ne a rubutun manhajar, tulu ne mai yoyo. Alamarsa ita ce sabar takan yi kwana biyu ko uku lafiya bayan an kunna ta, sa'an nan ta tsaya, ran cinkoso kuwa ta tsaya cikin awa guda. Ƙarin kati jinkirta ranar kawai yake yi.

Na biyu shi ne TIME_WAIT, wanda yakan tsorata mutane a banza domin akan gan shi dubbai. Wannan haɗi ne da aka riga aka rufe daidai, Linux tana riƙe da lambarsa daƙiƙa 60 domin kada saƙon da ya makara a hanya ya faɗa cikin sabon haɗi. Yakan zama matsala ne a wuri guda, in sabar tana buɗe sabon haɗi zuwa rumbun bayanai domin kowane baƙo. Lambobin ƙofar fita da Linux take bayarwa daga 32768 ne zuwa 60999, watau 28,232. Raba su da 60, za ka sami wajen 470. In ana buɗe haɗi fiye da haka a daƙiƙa zuwa wuri ɗaya, lambobin za su ƙare. Maganinsa a buɗe 'yan haɗi kaɗan a bar su a buɗe, ma'aikata su riƙa karɓa-karɓa.

Ba kowane taro ne na Allah da Annabi ba, kamar yadda Hausawa kan ce. A watan Satumba 1996 wani kamfanin intanet na birnin New York mai suna Panix ya yi kwanaki a durƙushe, domin wani ya yi ta aiko masa da sallama daga adireshin ƙarya. Mai gadi ya amsa, ya keɓe wuri yana jiran taki na uku, ba kuwa mai zuwa, har wuraren suka ƙare. A watan nan Daniel Bernstein da Eric Schenk suka fito da dabarar da ake kira SYN cookies, inda mai gadi ba ya keɓe wa kowa wuri sai ya dawo da wata lamba da aka ɓoye cikin amsar. Linux tana da ita, amma mai gyara ya duba ko a kunne take. In ya ga haɗi masu yawa a halin SYN_RECV, sai ya yi zaton irin wannan. Akwai kuma baƙon da ba mugu ba ne, layinsa ne kawai mai rauni, yana karɓar shafi a hankali yana riƙe da ma'aikaci guda. Domin irin wannan ne ake sa nginx a gaba, manhajar da Igor Sysoev na Rasha ya fitar a 2004, wadda ma'aikacinta ɗaya yake iya lura da dubban baƙi a lokaci guda, ba ya tsayawa a kan kowa. A kuma sa wa kowane jira iyaka, domin ma'aikacin da aka bar shi ya jira rumbu ba iyaka, ranar da rumbun ya yi shiru ba zai dawo ba.

Wanda yake so ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, tsohuwar kwamfuta ɗaya ta ɗakin kwamfuta ta isa, da izinin malami. A sa mata Linux da Apache, a rubuta ɗan shafi mai jira daƙiƙa 6 kafin ya amsa, sa'an nan a yi amfani da manhajar gwaji mai suna ab, wadda ake samu tare da kayan Apache, a tura mata baƙi 100 a lokaci guda, sa'an nan 300, sa'an nan 600. A kan kwamfutarku kaɗai za ku yi wannan, gama dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta hana kwamfutar wani aiki da gangan. Ɗalibi ɗaya ya riƙa tura baƙi, na biyu ya riƙa buga ss -lnt kowace daƙiƙa biyu yana karanta lambar benci da ƙarfi, na uku kuma ya rubuta a allo adadin baƙin da aka tura da lokacin da lambar ta fara hawa.